Ƙoƙon Kunun Inna da Allon Ustaz Mahjub

Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin ana cewa wani baƙo daga Hartum ne ya raba kakanku Malam Haruna da aikin ruwa. Haka mutanen ƙauyenmu suke faɗa, haka ni ma na bari kuka ji, har ran nan na tarar da 'yar'uwarku Rabi tana ba ɗanta labarin da zafi, tana zagin baƙon kamar a gabanta aka yi. Baƙon yana da nasa laifin, amma ɗan kaɗan ne. Ni ina cikin ɗakin duk lokacin da abin yake faruwa, da alƙalami a hannuna.

Shekarar da na dawo daga sakandaren 'yan mata ta Madani ce. Gonakin audugarmu na bakin kogi, kusa da Abu Na'ama, a da na wani attajiri ne, shi ke da injin da ke ɗago ruwa ya zuba a tur'a, wato babban magudanar da ke ratsa gonakin. Sai aka karɓe daga hannunsa aka ba manoma, aka ce su zaɓi lajna, wato kwamiti, ta mutum biyar ta riƙe. Kakana na wajen uwa, Alhaji Isiyaku, shi ne shugaba. Babana, Malam Haruna, shi ne wakilin ruwa, mai faɗin hawashar, wato gonar, da za a buɗe wa yau da wadda za ta jira gobe. Auduga ta yi baya kaka biyu a jere, ba don ruwa ba, tsutsa ce da rashin man inji, amma hukuma ta ce sai an aiko masani ya binciki yadda lajnar take tafiyar da aiki, ya sake mata tsari.

Kafin in ci gaba sai na faɗa muku abu biyu, don ku da kuka tashi a Sinnar Larabci ya fi Hausa zama a bakinku, kuma wasu al'adun ba ku tarar ba. Na farko, ni 'yar fari ce. Tun da aka yaye ni aka kai ni gidan Kaka, can na girma, da sunansa aka rubuta ni a makaranta, Sa'adatu Isiyaku. Babana bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yi mini doguwar magana ba. In mun haɗu a hanya sai ya dubi jakinsa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma na san haka tun ina ƙarama. Na biyu, Babana surukin Kaka ne, saboda haka ba ya cin abinci a gabansa, ba ya ɗaga murya, ba ya cewa ga abin da ya kamata a yi. A taron lajna bakin ƙofa yake zama, kusa da takalma, kansa a ƙasa.

To ta yaya aikin ruwa yake tafiya? Ta ƙoƙon kunu. Kullum Baba yana bin tur'a daga bakin inji har wutsiyarta, yana duba ƙasa, yana murza ganye, yana jin kukan manoma. In ya dawo ya faɗa wa Inna. Da safe Inna ta dama kunu ta zuba a wani ƙoƙo mai ɗinki a baki, ta yafa tobinta, ta kawo wa mahaifinta. Ina zaune a gefen gado na sha jin su.

"Mi ƙoƙo yaz zo da shi yau?" in ji Kaka.

"Wai a ba na ƙasa ruwa kahin na sama, kwana biyu. Ƙasassu ta hwara tsagewa."

Ba ta cewa wa ya faɗa, shi ma ba ya tambaya. Ya shanye kununsa, ya tafi maktab, ofishin lajna, ya ce ya yanke shawara a ba na ƙasa ruwa kwana biyu. Baba daga bakin ƙofa ya ce to. Duk ƙauyen an san daga inda maganar ta fito, kuma ba wanda zai faɗa, don faɗar tonon asiri ne ga mutum biyu lokaci guda.

Da aka ce masanin yana son wanda zai rubuta masa abin da ake faɗa da Hausa ya mayar masa Larabci, Kaka ya kira ni. Tsakaninmu akwai wasan jika da kaka, amaryarsa yake ce mini, ni kuma in ce na fasa auren tunda ba shi da haƙora.

"Amarya, ke za ki zamna da baƙon ga. Karatun da munka kashe ma takalmi shi yi rana."

"In ya fi ka kyau fa, in bi shi Hartum?"

"Ki bi shi. Amma ki nuna mai gari tukuna. Baƙo ba ya ganin komi sai abin da anka nuna mai."

Na yi dariya na wuce. Ban tsaya na auna maganarsa ta ƙarshe ba.

Ustaz Mahjub ya iso cikin motar hukuma da jaka ɗaya da allo mai ƙafa uku. Mutum ne siriri mai gilashi, mai ladabi, ba ya shan shayi sai ya ga an miƙa wa kowa. Ni kuwa tsoronsa nake kamar me. Ban taɓa zama kusa da wanda ya yi karatu a ƙasar waje ba, kuma ina ganin ko tari na yi zai gane daga inda na fito. A Madani shekara huɗu na yi ina ɓoye Hausata. Akwai wata rana a ɗakin kwana da wata yarinya ta kira ni da sunan da suke yi wa irinmu, ta ce, "Ya Fallatiyya, da gaske ne a wurinku ƙaton namiji in ya hango surukarsa sai ya faɗa cikin dawa?" Ta tashi ta kwaikwayi yadda zai yi, ɗakin ya ɗauki dariya, ni ma na yi dariyar tare da su. Daga ranar na yi wa kaina alkawari ba mai ilimin da zai sake jin irin wannan daga bakina.

Aikinsa a tsare yake. Ya ce zai zauna a taron lajna ya saurara kawai, sannan ya gana da kowane ɗan lajna shi kaɗai, sannan ya zana musu yadda suke da yadda ya kamata su zama. A taro yana da takarda mai sunaye biyar, duk wanda ya yi magana sai ya ja masa ɗan layi a gaban sunansa. Ɗan'azumi mai sito, wanda ba a taɓa rufe taro bai ba da labarin ɓerayen sito ba, ya gane abin da ake yi tun rana ta farko. Sai ya shiga magana ba ji ba gani.

"Ɗiyata, duba mini, layuna nawa yanzu? Na wuce Alhaji?"

Ya wuce shi nesa. Layukansa har suka gangara bayan takardar. Gaban sunan Baba kuwa, taro huɗu, fari fat.

Ranar ganawa da Baba ita ce ranar da na fara ɓata abin. Ya shigo ya tuɓe takalmi, ya gan ni zaune da littafi a gefen tebur, sai ya nemi kusurwa ya tsuguna, ya ƙi kujera. Baba yana jin Larabci sarai, da shi yake ciniki a kasuwar Sinja, ba ya bukatar tafinta. Abin da yake bukata shi ne in fita. Na san da na tashi na ce zan ɗebo ruwa, na daɗe ban dawo ba, da ya buɗe baki ya zayyana wa Ustaz tur'ar nan hawasha bayan hawasha, har sai takarda ta ƙare. Amma in na fita sai an tambaye ni dalili, in na faɗi dalili sai na ce ubana ne, in na ce ubana ne sai a ce to me ya hana uba magana gaban 'yarsa. Na zauna. Ustaz ya tambaye shi mene ne aikinsa, ya ce alhamdu lillahi. Ya tambaye shi wa ke yanke shawarar rabon ruwa, ya ce Alhaji. Ya tambaye shi ko akwai abin da yake ganin a gyara, ya ce Alhaji ya fi shi sani. Ban fi layi uku na rubuta ba. Da zai fita ya tsaya yana neman takalminsa ɗaya, ya daɗe yana nema alhali yana gabansa, kamar mai ba wani lokaci ya yi wani abu. Ban ɗago kai ba.

Bayan ya tafi Ustaz ya cire gilashinsa ya goge. Abin da ya faɗa na riƙe shi kalma kalma, da Larabci ya faɗa amma ga ma'anarsa.

"Ya Sa'adatu, kowane wurin aiki yana da zane biyu. Akwai na takarda, akwai na gaskiya, wanda mutane suke bi ba su rubuta ba. Na takardar kowa zai ba ni. Na gaskiyar nake nema. Shugaban nan tsoho ne, ban ga yana zuwa gona ba, amma in ya yi maganar ruwa daidai take fita. Daga ina yake samu? Wannan mai shirun kuma, me yake yi?"

Kun ji ko. Mutumin ya zo har bakin ƙofar, ya ƙwanƙwasa. Ni kuma ƙoƙon nan mai ɗinki ya tsaya mini a ido, na ga kaina ina gaya wa mai gilashi cewa gonakin mutum ɗari da wani abu a cikin kunu ake aika musu umarni, na ji dariyar ɗakin kwanan Madani. Na ce masa Alhaji ya daɗe yana noma, ya san ƙasar. Na ce shi kuma wancan ban taɓa jin ya yi magana a taro ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma da su na yi ƙaryar da ta fi kowace girma a rayuwata. Ya dube ni jim kaɗan, ya ce tamam, ya rubuta wani abu.

Sati uku ya yi. A rana ta ƙarshe, da hantsi, ya kafa allonsa a maktab, 'yan lajna suka zauna a tabarma. Ya zana akwati ɗaya a sama, na shugaba, da wasu a ƙarƙashinsa, da layuka masu haɗa su. Ya yi bayani a hankali, yana tsayawa ina mayarwa Hausa. Abubuwa da yawa da ya faɗa masu kyau ne, har yau ana amfani da su: a raba mai riƙe sito da mai sayen kaya, a sa ranar taro tsayayya, a riƙa rubuta abin da aka yanke. Sai ya zo kan ruwa. Ya ce ruwa shi ne ran gonakin, bai kamata a bar shi a kan tsoho ɗaya ba, komai saninsa, don in ya kwanta ciwo ba mai maye gurbinsa. Za a kawo mufattishi, wato jami'in duba gonaki, mai takardar makarantar noma, ruwa ya koma hannunsa gaba ɗaya, ya rubuta jadawali ya manna a ƙofa, ko shugaba ba zai canza ba. Kujerar wakilin ruwa kuma, tunda bincike ya nuna ba ta ɗauke da wani aiki, a soke ta. Ya ɗauki tsumma ya share akwatin.

Ni na faɗi wannan da Hausa. Da bakina na ce kujerar ba ta ɗauke da wani aiki, Baba yana zaune taku huɗu daga inda nake, kusa da takalma.

Ustaz ya tambaya ko akwai mai ja. Ya ce da gaske yake, zanen alli ne, ana gogewa. Ba wanda ya motsa. Baba ba zai kare kansa a gaban surukinsa ba. Kaka ba zai tsaya wa mijin 'yarsa a bainar jama'a ba, balle ya ce duk abin da kuka ji daga bakina shekarun nan ba nawa ba ne. Sauran ukun ba za su shiga tsakanin surukai ba. Ɗan'azumi da kansa, mai layuka har bayan takarda, ya sa ido a kan tabarma yana cire mata zare. Ustaz ya sake tambaya. Sai Kaka ya juyo gare ni, ya yi magana ƙasa ƙasa da Hausa, ba wasa a muryarsa ko kaɗan.

"Amarya, kin hwaɗa mai komi?"

A lokacin na gane abin da ya sa ya zaɓe ni. Ba don Larabcina ba ne, akwai malamin firamare da ya fi ni. A duk ƙauyen ni kaɗai ce na san hanyar ƙoƙon daga farko har ƙarshe, kuma ni kaɗai zan iya faɗa wa baƙo a keɓe ba tare da kowa ya ji kunya ba, tunda jika ce, 'yar makaranta, bakinta ba ya ɗaure. Ya ɗauka tun satin farko na yi. Ko a wannan lokacin da sauran dama. Da na ce a'a, da an ce a ɗaga taro zuwa la'asar, da an gyara. Amma sai in ce a'a a gaban mutum shida, sai Ustaz ya san na ɓoye masa, sai Baba ya san na ji kunyarsa.

Na ce, "Na faɗa."

Kaka ya gyaɗa kai, ya ce da Larabci sun yarda. A ganinsa baƙon ya ji komai, ya auna, ya ga hanyarmu ba ta isa a sa ta a allo ba. Daga nan labarin da kuka gada ya samo asali. Baba ya tashi ya ciro mabuɗin ƙofofin tur'a daga aljihunsa, wani ƙarfe mai kai kamar gatari, ya ajiye a gefen tabarma, ba a hannun kowa ba. Wannan karon bai nemi takalminsa ba, nan da nan ya sa ya fita.

Washegari Inna ta zo da ƙoƙon kamar kullum. Ina bayan ƙofa, na kasa fitowa in gaishe ta. Kaka ya daɗe bai tambaya ba, sai da kunun ya huce.

"Akwai wani abu?"

"Wai an ji baƙon ya ce a bar yarinyar ga ta riƙa rubuta taro. Wai kada a hana ta don abin da ya hwaru. Ta iya aikinta."

Saƙo na ƙarshe ke nan da ƙoƙon ya ɗauka zuwa maktab, kuma a kaina ne. Na zame a bayan ƙofar na toshe bakina da gefen tobi. Har yau ban san abin da Baba ya sani ba. Ya ga ban fita ba ranar ganawa, wannan kam ya gani. Ko ya haɗa sauran, bai taɓa nunawa ba, ba kuwa hanyar da zai nuna.

Mufattishin da aka kawo saurayi ne mai hankali, ba na zarginsa. Jadawalinsa ya raba kwanaki daidai wa daida, na sama da na ƙasa, ya manna a ƙofa. Bai san cewa hawashoshin wutsiyar tur'a ƙasarsu ta fi saurin tsagewa ba, kuma ruwan kafin ya kai can rabinsa ya tsiyaye. Baba ya ci gaba da bin tur'a a kan jakinsa, don ƙafarsa ta saba, yana gani, yana dawowa ya faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa Kaka, Kaka ya ce takarda ta hana shi. A wannan kakar audugar gidaje bakwai na ƙasa ta bushe a tsaye tana da fure. Cikinsu akwai ta Gwaggo Hansatu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar, ta bar hawashar ta koma tsintar audugar wasu a yankin Jazira, ba ta sake dawowa ba. An yi faɗa da fartanya a bakin wata ƙofar ruwa, aka fasa wa mutum kai. Duk ni nake rubutawa a littafin taro, da rubutuna mai kyau da ake yabo.

Sai a shekara ta biyu mufattishin ya gane da kansa, ya riƙa zuwa ƙofar gidan Baba da yamma yana tambayarsa, ruwa ya daidaita. Amma kujerar ba ta dawo ba, tunda babu ta a zane. Mutumin da manoma ke tare jakinsa a hanya suna roƙo ya zama tsoho mai yawon bakin tur'a, har ana cewa Malam Haruna da aka ce ba ya aikin komai. An buga rahoton, aka aiko mana da guda. A shafin farko Ustaz ya gode wa Sa'adatu Isiyaku, wadda ya ce ta buɗe masa ƙofar garin. Yana cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin zannuwa, za ku gan shi.

Sau da yawa na ɗaura niyyar faɗa. Na taɓa rubuta wa Ustaz wasiƙa na yage. Na taɓa zama gaban Inna na buɗe baki, ta dube ni ta ce in miƙo mata muciya, na miƙa, maganar ta wuce. Kaka ya ci gaba da ce mini amarya har ya rasu, yana nuna ni ga baƙi yana cewa ga wadda ta yi iyakar ƙoƙarinta amma mutanen birni ba su ji. Duk ranar da ya faɗi haka ba na iya cin abinci. Baba kuwa ko a ciwon ajalinsa in na shiga ɗaki sai ya juya fuska bango, kamar yadda ya saba, ni kuma in zauna in yi ta kallon bayansa. Kunyar da ta hana shi kallona ita ce na ɓuya a ciki shekara da shekaru.

Saboda haka, Rabi, ki daina zagin mutumin nan, ki kuma gaya wa ɗanki daidai. Ya tambaya, har sau biyu, kuma da alli ya yi zanensa. Su ukun da ya kamata su ji wannan daga bakina duk suna maƙabartar da ke bayan tur'a, ku kaɗai kuka rage mini. Tambaya ɗaya aka yi mini ranar nan a maktab, na ba ta amsar da ba tata ba, ta zauna a wuyana tun ina budurwa har na yi furfura. Ga amsar, na rubuta ta inda ba za a goge ba.

A'a, Kaka. Ban faɗa masa ba.